Hayar gini da cinikin biri a sama

Babu Bahaushen da zai je sayen mota, ko da ta hannu ce, ya kammala ciniki bai tambayi shan manta ba. Zai buɗe gaba ya leƙa inji, ya kira bakanikensa ya saurari ƙararta, ya tambayi dillali lita nawa za ta kai shi Zariya daga Kano. Amma mutumin nan, ranar da ya tashi kama hayar ofis ko shago a ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen kasuwanci da ke ta tsirowa a biranenmu, tambayoyinsa ba sa wuce nawa ne a shekara, shekara nawa za a biya a gaba, akwai wurin ajiye mota, akwai maigadi. Ba ya tambayar wuta nawa ginin ke sha. Ko da ya tambaya ma babu mai ba shi amsa, domin dillali bai sani ba, mai ginin bai taɓa zama ya lissafa ba, kuma babu wata takarda da doka ta ce a nuna masa. Sai zafin Afrilu ya kankama, takardar kuɗin wuta da lissafin man janareta suka fara sallama, sannan ya gane cinikin biri a sama ya yi.

A shekarun baya ana iya ɗaga wa wannan sakaci ƙafa, saboda wutar tana da araha a ranar da aka same ta, fetur kuma gwamnati na biyan wani kaso na kuɗinsa. Wancan zamani ya wuce. An janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A ranar 3 ga Afrilu, 2024 kuma hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Daga baya an ɗan sassauta, amma bai sauka ƙasa da naira 200 ba. Man dizal kuwa, wanda manyan janaretoci ke sha, tun da daɗewa kasuwa ce ke yanka masa farashi.

Bari mu ɗan yi lissafin ɗan kasuwa, mai karatu. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake kira mai doki ɗaya da rabi tana jan wuta sama da kilowat ɗaya kaɗan idan injinta na aiki. A ce ta yi awa 10 ba hutu, kamar yadda takan yi a ɗakin da rana ke dukansa a watan Afrilu: ta sha wutar sama da naira 2,000 ke nan a yini. Ofishin da ke da irinta 20 ya haura naira 40,000 a yini, a wata kuma ya haura naira miliyan ɗaya, ba a zo kan fitilu da kwamfutoci da famfon ruwa ba. Idan aka koma kan janareta lissafin ya fi haka muni, tunda litar dizal ɗaya abin da takan bayar bai wuce kimanin kilowat uku na awa guda ba. To, abin lura shi ne, yawan awannin da injin na'urar zai yi yana gurnani ba na'urar ce kaɗai ke yanke shi ba. Ginin ne. Rufin da aka yi masa, da girman tagoginsa, da fuskar da suka kalla, su ne ke faɗa wa na'urar ko ta huta ko ta yi ta fama har magariba. Ofisoshi biyu masu faɗi ɗaya a titi ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen shan wuta, alhali kuɗin hayarsu ɗaya, kuma mai neman haya ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne.

Wannan duhun kai ne wasu ƙasashe suka yi wa magani da abin da ake kira takardar shaidar tsimin makamashi. Takarda ce da wani ƙwararre mai lasisi ke bayarwa bayan ya auna gini, a rubuta masa daraja da harafi ko da taurari, kamar yadda ake ba ɗalibi sakamakon jarrabawa. Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2002, ta ce duk ginin da za a gina, ko a sayar, ko a bayar haya, sai an nuna wa mai saye ko ɗan haya wannan takarda. A Ingila darajar tana tashi daga A zuwa G, takardar kuma tana aiki shekara 10. Da farko nunawa kawai ake yi. Daga 1 ga Afrilu, 2018 sai doka ta hana mai gini a Ingila da Wels ya ƙulla sabuwar yarjejeniyar haya a kan ginin kasuwancin da darajarsa ta gaza E, daga 1 ga Afrilu, 2023 kuma hanin ya hau kan har hayar da ake ciki. Tarar wanda ya karya tana iya kaiwa fam 150,000. Ƙasar Holan ta fi haka tsanani: daga 1 ga Janairu, 2023, ofishin da ya kai murabba'in mita 100 bai samu darajar C ba, doka ta hana a yi amfani da shi a matsayin ofis. An sanar da masu gine-gine shekaru kafin ranar, kuma tun wa'adin bai cika ba bankunan ƙasar suka fara ɗari-ɗari da ba da rance a kan ofisoshin da ba su kai ba, wanda hakan ya fi tsoron tara saurin motsa masu dukiya. A birnin Niyu Yok na Amurka kuwa, tun daga 2020 manyan gine-gine ke liƙa harafin darajarsu a bakin ƙofa, inda duk mai shiga zai gani.

Me ya sa sai da doka? Ai kasuwa ta isa ta gyara kanta, in ji wasu. Ba ta isa ba, kuma dalilin a fili yake. Wanda ya gina ba shi ke biyan kuɗin wuta ba. Mai gini yana neman ya kammala da mafi ƙarancin kuɗi ya fara karɓar haya. Idan ya sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, ko ya yi wa tagogi rumfa, ko ya sayi na'urorin sanyi masu tsimi, aljihunsa ne zai yi kuka, ribar kuma ɗan haya ne zai kwasa. Ɗan haya shi ma ba zai zuba kuɗinsa a rufin da ba nasa ba, wanda za a iya tashinsa daga ƙarƙashinsa baɗi. Kowa a cikinsu yana gudun ya zama kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, sai a wayi gari babu wanda ya gyara komai. Abin da takardar ke yi shi ne ta sa tsimin wuta ya zama abin da ido ke gani a lokacin ciniki. Da zarar ɗan haya ya iya kwatanta gini da gini, mai ginin kirki zai iya neman haya mai tsoka da hujja, mai tanderu kuma dole ya rage farashi ko ya gyara.

Sai dai takarda suna ta tara, kuma a nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin idan muka tashi kwaikwayo kada mu kwaso wadda masu ita ke kuka da ita. Iri biyu ce. Ta farko, irin ta Ingila, ana fitar da ita ne daga siffar ginin: mai aunawa zai duba bango da rufi da gilashi da injinan da aka girka, ya zuba a kwamfuta, ita kuma ta ƙiyasta abin da ya kamata ginin ya sha idan an yi amfani da shi yadda aka tsara. Ta biyu ba ruwanta da ƙiyasi. Takardun kuɗin wuta da na sauran makamashi na wata 12 ake tarawa, a raba da faɗin ginin, a yi la'akari da yanayin garin da awannin aiki, a ce ga abin da ya sha a zahiri. Wannan ita ce hanyar Ostireliya, mai suna NABERS, wadda ta samo asali a jihar Niyu Sawut Wels a ƙarshen shekarun 1990. Tana ba da taurari har zuwa shida, kuma darajar shekara ɗaya kawai take yi sai a sake aunawa. Tun 2010 dokar ƙasar ta wajabta wa mai sayarwa ko bayar da hayar babban ofis ya bayyana taurarinsa, har a cikin tallar da zai buga. Da farko ofisoshin da suka kai murabba'in mita 2,000 abin ya shafa, a 2017 aka sauko da shi zuwa 1,000.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Ingila masu harkar gine-gine da kansu sun daɗe suna nuna cewa harafin da ke kan takarda sau da yawa ba ya tafiya da abin da mita ke nunawa: ana samun ofis mai daraja ta sama yana shan wuta kamar na ƙasa, saboda an bar injinan sanyi da fitilu a kunne dare da rana, ko an saita su ba daidai ba, ko an cika ginin da mutane fiye da yadda aka zana. Takardar ƙiyasi tana yabon niyyar mai zane. Takardar mita tana tona asirin mai kula da gini. A Ostireliya, da yake kowace shekara sai an sake hawa sikeli, manajan gini ya san cewa sakacinsa zai fito a lissafin baɗi, ga shi kuma hukumomin gwamnati sun sa sharaɗin yawan taurari kafin su kama hayar ofis, ita kuwa gwamnati babbar 'yar haya ce da babu mai gini da ke son ya rasa. Har Ingilar ma daga baya ta ɗauko tsarin na Ostireliya ta fara amfani da shi a ofisoshinta, ko da yake bisa ganin dama. A ra'ayina gaskiya tana wajen mita. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce masu fama da sanyi. Afirka ta Kudu ta fitar da nata ƙa'idojin a Disamba 2020, inda ta wajabta wa ofisoshi da makarantu da wuraren taruwar jama'a su liƙa takardar shaidar a ƙofar shiga, idan ginin gwamnati ne da ya wuce murabba'in mita 1,000, idan na 'yan kasuwa ne da ya wuce 2,000. Ita ma a kan abin da aka sha a zahiri ta dogara. An ba da wa'adin shekara biyu, da ya cika aka tarar mafi yawan masu gine-gine ba su motsa ba, sai aka ƙara shi zuwa Disamba 2025. Darasin da ke ciki ya shafe mu: rubuta doka abu ne mai sauƙi, samar da isassun masu aunawa da tattara takardun shekara guda daga ginin da bai saba ajiye takarda ba shi ne aikin.

To mu fa? Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, Najeriya ma tana da nata kundin. A 2016 ma'aikatar wutar lantarki, ayyuka da gidaje ta tarayya, a zamanin da Babatunde Fashola ke minista, ta fitar da littafin jagora kan tsimin makamashi a gine-gine, a 2017 kuma ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin kansa, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus da kuɗin Tarayyar Turai. Kundin ba shi da sarƙaƙiya. Ya ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, idan sun wuce sai an yi musu abin inuwa. Ya ce a sa abin tare zafi a rufi. Ya ƙayyade yawan wutar da fitilu za su ja a kowane murabba'in mita. Ya ce na'urar sanyaya ɗaki ta kasance mai inbata, wato irin wadda injinta ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. Ya kuma tanadi lambar taurari da za a ba sabon gini gwargwadon tsiminsa. Duk wanda ya san zafin Sakkwato ko Maiduguri ya karanta waɗannan sharuɗɗa zai ce ai hankali ne kawai aka rubuta.

Amma zagaya manyan titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ka ƙirga gine-ginen da aka yi bayan 2017 waɗanda fuskarsu gaba ɗaya gilashi ce, tana kallon yamma, babu ko tafin hannu na inuwa. Dalilin da ya sa kundin bai hana su ba yana cikin tsarin mulki. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ban da babban birnin tarayya. Ma'ana, Abuja na iya rubuta kundi mai kyau kamar me, amma ba zai ɗaure mai gini a Kano ba sai gwamnatin Kano ta ɗauke shi ta sa a cikin dokokinta, hukumar KNUPDA kuma ta riƙa dubawa kafin ta buga hatimi a kan zane. Haka a Katsina, haka a Bauchi, haka a kowace jiha. Saboda haka duk mai son ganin an yi wani abu a kan wannan batu, ƙofar majalisar dokokin jiharsa zai ƙwanƙwasa, ba ta Abuja ba. Dokar wutar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar kula da ita, ta ƙara musu dalili. Jihar da ke fafutukar samo megawat goma na sabuwar wuta bai kamata ta zuba ido ana gina abin da zai shanye su a banza ba.

Abin takaicin shi ne, ilimin da kundin ke ƙoƙarin dawo da shi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ka ji yadda jikinka zai faɗa maka. Katanga mai kauri ta tubali tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare ya yi, lokacin da iska ta huce. Tagogi ƙanana ne, suna sama. Rufin soro na azara da ƙasa shi kansa garkuwa ne. Maginan nan ba su san kilowat ba, amma sun san inda rana ke faɗuwa. Ba ina cewa a gina banki mai hawa bakwai da tubali ba, kuma na san wahalar yaɓe duk shekara da ta sa mutane suka gudu zuwa bulo da kwano. Abin da nake cewa shi ne, mun yar da dabarar tare da kayan aikin, muka ɗauko zanen da aka yi domin garuruwan da ke marmarin rana muka dasa a inda rana ke kisa. A Jamhuriyar Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara ta nuna cewa akwai hanya ta uku: kasuwar da ta zana a garin Dandaji da bulon ƙasa da aka matse da inji aka yi rumfunanta, aka kafa musu faifan ƙarfe masu launi a sama suna ba da inuwa, iska na ratsawa. Gini ne na zamani, kuma na kasuwanci.

Yanzu bari in zo kan ƙorafin da na san yana bakin mai karatu tun ɗazu, domin ƙorafi ne mai nauyi. A ƙasar da kowace sabuwar takarda ke zama sabon shingen karɓar na goro, me zai hana wannan ma ta zama haka? Mun ga motocin da ke yawo da takardar shaidar lafiya alhali hayaƙinsu ya rufe titi. Mun ga benaye da suka rufta da mutane bayan an ce an duba su. Ɗan kasuwar da ke biyan harajin jiha da na ƙaramar hukuma da kuɗin shara da na allon talla, idan aka ce masa ga wata takarda kuma, yana da haƙƙin ya yi tsaki. Idan abin da za a yi ke nan, a buga fom, a yanka kuɗi, a tura yara da rasit su bi shaguna, to gara a bar mu a yadda muke.

Sai dai akwai abin da ya raba wannan takarda da sauran, idan aka bi hanyar mita. Ƙaryarta ba ta da wurin ɓuya. Lafiyar mota sai an buɗe inji, ƙarfin ginshiƙi sai an fasa kankare, amma shan wuta lamba ce da kamfanin rarraba wuta ke da ita, ɗan haya ma yana da ita a hannunsa kowane wata. Idan aka wajabta buga sakamakon kowane gini a rajistar da kowa zai iya buɗewa a wayarsa, da sunan injiniyan da ya sa hannu da lambar rajistarsa ta COREN, to duk wanda ya sayar da taurarin ƙarya ya san 'yan hayar ginin za su iya kama shi da takardunsu, kuma lasisinsa ne a kan faranti. Sannan babu dalilin da zai sa a taɓa mai shago ɗaya a Kantin Kwari ko Sabon Gari. Ostireliya da Afirka ta Kudu duk daga manyan gine-gine suka fara, mu ma iyakarmu ke nan: manyan kantunan zamani, otal-otal, bankuna, asibitocin kuɗi, dogayen benayen ofisoshi. A kowace jiha waɗannan ba su da yawan da za a kasa ƙirga su.

Kuma gwamnati ta fara da kanta. Sakatariyar jiha, majalisar dokoki, manyan asibitoci da jami'o'i, a auna su a liƙa sakamakon a ƙofa kafin a tambayi ɗan kasuwa ko ɗaya. Kuɗin wutar waɗannan wurare daga aljihun talaka yake fita, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mun ji kamfanonin rarraba wuta na barazanar yanke wa ma'aikatu da jami'o'i wuta saboda bashi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wata ma'aikata da daddare ya ga fitilu a kunne, na'urorin sanyi na ruri a ofisoshin da babu kowa, ya san harafin da za ta samu. Ina kyautata zaton kunyar ganin wannan harafi a bakin ƙofa kowace safiya za ta yi aikin da takardun gargaɗi na shekara da shekaru ba su yi ba.

Akwai wata matsala tamu ta kanmu wadda ba za mu samu amsarta a littafin kowa ba. A Landan ko Sidni, ginin da ya sha wuta kaɗan ya yi tsimi ne. A nan yana iya zama bai samu wutar ba ne. Idan aka dogara da mitar kamfani kaɗai, ginin da ke layin da ba a kawo wuta, wanda ma'aikatansa ke yini suna fifita da fayil, shi zai lashe taurari biyar, a ba duhu lambar yabo. Ginin da ya dogara da janareta kuma zai fito fes, alhali shi ya fi kowa ƙona kuɗi. Don haka dole lissafinmu ya haɗa uku: abin da aka ja daga layin kamfani, da abin da janareta ya bayar, da abin da faifan sola ya samar. Wannan yana nufin a sa wa janareta mitarsa, abin da ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin janaretan kansa, a kuma riƙa ajiye rasit na dizal. Dole a rubuta awannin da ginin ke aiki, a kuma duba ko cikinsa na zaunuwa, domin tsimin da aka yi da gumin ma'aikata ba tsimi ba ne. Ginin da har yau ake yi wa kuɗin wuta na ƙiyasi kuwa ba ya aunuwa sam, sai an fara sa masa mita.

Wannan batu na mitar janareta zai warware wata tsohuwar rigima da duk mai haya a irin waɗannan gine-gine ya sani, wato kuɗin hidima. A ƙarshen wata manaja zai kawo takarda ya ce kason ka na dizal kaza ne, ba ka ga lita ba, ba ka ga awa ba, kuma mai ɗakin ɗinki da keke biyu yana iya biyan daidai da mai sayar da kayan sanyi da firiza shida. Inda aka sa wa kowane ɗan haya ƙaramar mitarsa, faɗan ya ƙare, kowa ya ɗauki kayansa. Sau da yawa ma daga ranar da mutum ya fara ganin lambarsa tana gudu yake fara kashe abin da ba ya buƙata.

Ga sababbin gine-gine kuwa, inda babu takardun shekara guda da za a tara, nan ne kundin 2017 zai yi aikinsa, a teburin ba da izini. Gyara a kan takarda ya fi komai araha. Juya fuskar gini daga yamma zuwa arewa ko kudu kafin a haƙa harsashi ba ya cin ko kwabo. Rage gilashi ma rage kuɗi ne, tunda bulo ya fi shi sauƙi. Fenti mai haske a rufi, da abin tare zafi tsakanin kwano da silin, da 'yar rumfa a kan taga, ƙarin da za su yi a kan jimillar kuɗin gini kaɗan ne, kuma suna rage yawa da girman na'urorin sanyin da za a saya, su kuma su rage girman janareta da yawan faifan solar da za a nema. Amma da zarar an zuba kankare an ɗora gilashi, kuskuren ya zauna ke nan shekara 40 ko 50, 'yan haya na biyansa wata bayan wata. Masu son shaidar da ƙasashen waje suka sani ma ba su rasa ba: hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya tana da tsarin EDGE, wanda ke ba da shaida ga ginin da ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na makamashi da ruwa da iskar carbon da ake fitarwa wajen samar da kayan gini, kuma ana amfani da shi a Najeriya. Sai dai wannan na ganin dama ne, wanda ya riga ya damu shi ke nemansa.

Kafin majalisun jihohi su farka, akwai abin da ba ya buƙatar doka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na dillalan gidaje za su iya mayar da shi al'ada cewa duk mai bayar da hayar babban ofis ko kanti ya ajiye takardun kuɗin wuta da na dizal na shekarar da ta wuce, mai nema ya gani kafin ya biya. Bankin da zai ba da rancen gina kantin zamani yana iya tambayar mai zane fuskar da gilashin ya kalla, domin ɗan hayar da kuɗin wuta ya karya ba zai biya haya ba, mai ginin kuma ba zai biya banki ba. Shi kuma mai neman haya, ya je duba wuri da ƙarfe uku na rana maimakon da safe, ya ce a kashe na'urar sanyi na rabin awa, ya ɗora tafin hannunsa a bangon yamma, sannan ya ɗaga silin ɗaya ya leƙa ya ga ko akwai wani abu tsakaninsa da kwano.